Neman shawara: izinin rera waƙoƙin marigayi a bikin tallafa wa mawaƙa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. An gayyace ni in yi waƙa a bikin tunawa da wani mawaƙi da ya rasu, kuma abin da aka tara zai shiga asusun kula da lafiyar mawaƙa da makaɗa. Na karɓa hannu bibbiyu, domin ranar da murya ta dishe ko kunne ya lalace, hanyar abincinmu ta toshe. Mai gangarmu ya daɗe yana tsayawa gaban lasifika, yanzu sai ka matso daf da kunnensa na dama kafin ya ji ka.

Inda na maƙale shi ne izini. Iyalan marigayin sun amince da baki, ashe haƙƙin waƙoƙin yana hannun wani kamfani, kuma wasiƙunmu har yau shiru. Masu shiryawa suna son a haska kai tsaye a YouTube don jama'a su ba da gudummawa. Tsorona shi ne Content ID, wato tsarin YouTube mai gano kayan da ke da haƙƙin mallaka, ya gane waƙar, a katse shirin ana tsaka da shi, ko kuɗin talla ya koma aljihun kamfanin. Haƙƙin kuwa ba ya bin mai shi kabari, Yarjejeniyar Berne ta ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mallaka ta sa ya ci gaba aƙalla shekara 50 bayan rasuwa, ƙasashe da dama kuma 70.

Shin lasisin kiɗa da waƙa na ɗakin taron ya haɗa da haskawa ta intanet? Idan kamfanin ya yarda, wace takarda za mu nema, kuma wa zai sa hannu, mu ko masu shiryawa? Don Allah wanda ya taɓa bi ta nan ya taimaka.