Safar matse ƙafa: takardar likita da inshorar lafiya

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Idan likita ya rubuta wa mai kumburin jijiyoyin ƙafa safar matsi, me ya kamata takardar ta ƙunsa? Kuma NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, tana biya?

Malam Nas: Wa alaikumus salam, Hajiya. Takardar ta faɗi ƙarfin matsin, yawanci 20 zuwa 30 mmHg (ma'aunin matsi), ko 30 zuwa 40 idan kumburin ya yi tsanani, sannan tsawonta: zuwa gwiwa ko zuwa cinya. A auna ƙafar da sassafe kafin ta kumbura: idon sawu a inda ya fi siriri, sha-raɓa a inda ya fi kauri, da tsawo daga diddige zuwa ƙasan gwiwa. Awon yamma yakan sa a sayo babba, sai ta riƙa zamewa. Kada a naɗe bakinta, domin yana datse jini kamar igiya.

Ɗan Famasi: Kashi 10 cikin 100 da majiyyaci ke biya a NHIA na magunguna ne, safa kuwa ba magani ba ce. A sa asibiti ya nemi lambar amincewa daga HMO, wato kamfanin da ke kula da inshorarku, kafin a saya. Rasit bayan saye ba ya tabbatar da a mayar da kuɗi. Robar safar takan saki bayan wata 6.

Malam Nas: Na manta, mai ciwon suga ko toshewar jijiyar jini a fara gwada masa ABPI, wato awon gudun jini a ƙafa. Idan ya gaza 0.8, kada a sa safar sai likita ya duba.