Awa 16 ba ci: agogo ne ke sauke suga ko kwano?

Koci: Salamu alaikum jama'a. Ni dai ina nan kan bakana: mai son rage ƙiba da daidaita suga ya kama tsarin 16:8. A ci daga 12 na rana zuwa 8 na dare, sauran awa 16 sai ruwa, ko shayi ba madara ba sukari. Idan ciki ya daɗe ba komai insulin, sinadarin da jiki ke fitarwa don sarrafa suga, na sauka, hanta ta cinye sugan da ta ajiye, jiki ya koma ƙona kitse. Ba sai an auna kwano ba, agogo ya isa.

Hajiya, masaniyar abinci: Wa'alaikumus salam Koci. Zancen insulin gaskiya ne, "agogo ya isa" ɗin ne ban yarda ba. An gwada a Guangzhou ta ƙasar Sin, sakamakon ya fito a 2022: mutum 139, shekara guda. Duka an rage musu abinci daidai wa daida, maza kalori (ma'aunin kuzarin abinci) 1,500 zuwa 1,800 a rana, mata 1,200 zuwa 1,500, amma rabi aka ce su ci tsakanin 8 na safe da 4 na yamma kawai. Masu bin agogo sun rage kilo 8, sauran kilo 6 da 'yan kai, tazarar da masu binciken suka ce ba ta kai a dogara da ita ba. Cin kaɗan ne ya yi aikin. Wanda ya tsallake karin kumallo, da rana ya danna malmala uku ta tuwo ya kora da lemon kwalba, ai ya rama har da riba. Kuma kilon da ke zubewa a makon farko yawanci ruwa ne, don kowane giram na sugan ajiya yana riƙe da ruwa kusan giram 3.

Dakta: Hajiya, a nauyi ina tare da ke, a suga kuwa lokaci na da ɗan tasiri. A 2018 an gwada maza 8 masu alamun kamuwa da ciwon suga a Amurka, mako 5, suna gama ci kafin 3 na yamma, ba a rage musu ko loma ba. Nauyi bai sauka ba, amma jiki ya fi jin insulin, hawan jini ma ya sauka. Mutum takwas ba yawa ba ne, sai dai ya dace da abin da aka sani: jiki ya fi iya sarrafa suga da safe. In za a yi 16:8, tuwon dare ya kamata a sadaukar. Kai kuma Koci kari ka yanke.

Malam: To azumin Litinin da Alhamis fa? Na ji ana cewa shi ne 5:2.

Hajiya: Kwanakin ne suka yi kama, Malam. A 5:2 kwana 5 na mako ana ci yadda aka saba, a sauran kwana 2 kuma ana shan ruwa, abincin wunin duka bai wuce kalori 500 zuwa 600. Namu ba ruwa daga alfijir zuwa magariba, buɗa-baki kuma ba shi da ma'auni. Kunu mai sukari, ƙosai, soyayyar doya, sannan abinci, a zama ɗaya an wuce 600 ɗin nan. Shi ya sa kilo ɗaya ko biyu da ake ragewa a Ramadan ke dawowa 'yan makonni bayan Sallah.

Koci: Duk na ji. Amma mutum nawa ne za su ƙirga kalori shekara guda? Kallon agogo ya fi sauƙi.

Hajiya: Wannan kam na ba ka. Ga wanda ciye-ciyen dare ke kayarwa, dabara ce mai kyau.

Famasis: Ku yi haƙuri in katse ku, kun bar mai shan maganin ciwon suga a baya. Metformin kaɗai da wuya ya kayar da suga ƙasa da kima. Glibenclamide kuwa, wanda aka fi sani da Daonil, tilasta wa jiki fitar da insulin yake yi, an ci ko ba a ci ba. Haka allurar insulin. A sha da safe a ƙi ci har azahar, sai karkarwa, gumi mai sanyi, jiri, wani har suma, tsoho mai matsalar ƙoda ya fi kowa haɗari. Masu shan irin su empagliflozin su kuma ƙarancin ruwa da taruwar asid a jini ake ji musu, ko da na'urar gwaji ba ta nuna suga ya hau sosai ba. Likita ne zai matsar da lokacin magani ko ya rage shi kafin a fara, ba bayan an faɗi ba.

Dakta: Masu cewa a jefar da magani kuma suna kafa hujja da binciken DiRECT na Birtaniya, 2017. Can ba azumi aka yi ba: abinci mai ruwa-ruwa ne na kalori kusan 850 a rana, wata 3 zuwa 5, a hannun ma'aikatan lafiya. Kashi 46 cikin 100 sugansu ya lafa ba magani a shekarar farko, masu rage kilo 15 ko fiye suka fi dacewa. Nauyi ya dawo, ciwo ya dawo. Mai ciwon suga nau'i na ɗaya, mai juna biyu, mai shayarwa, ba su cikin wannan lissafi sam.

Sista: Duk wanda zai gwada ya mallaki na'urar gwaji. A duba da safe, da tsakar rana, da la'asar, da awa 2 bayan ci. Suga ya yi ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 a na'ura mai ma'aunin mmol/L, ko ya haura 300 mg/dL, a karya azumin nan take, ko na ibada ne, huda yatsa kuma ba ya ɓata azumi. In ya faɗi, a jiƙa babban cokali ɗaya na sukari a sha, a jira minti 15 a sake dubawa, bai hau ba a maimaita. Wanda ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti.