Yaya ake lissafin kuɗin jona sabon gini da bututun ruwan datti a Oregon?

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a jihar Oregon, Amurka. Tsohon gida na saya, zan rushe shi in gina mai sassa biyu. Izinin gini bai fita sai na biya SDC, kuɗin jonawa da bututun ruwan datti na gari. Na gane kashi biyu ne: na rama abin da gari ya riga ya kashe, da na faɗaɗa bututu gaba.

Ga inda na kafe. Ɗan kwangilata ya ce da yawan sassa ake lissafi, maƙwabcina ya rantse famfo da masai ake ƙirgawa, ko girman mitar ruwa. Kuma tsohon gidan a jone yake, ba a rage mini nasa? Wanda ya taɓa biya ya taimaka mini, don Allah.