Yarona ya juya wa karatu baya, ina neman shawara

Assalamu alaikum, malamai da iyaye. Daga wani ƙauye kusa da Ringim nake rubuto muku. Ina da yaro ɗan shekara 10, yana aji 4 a firamare. Tun daminar bara ya tsani littafi. Allonsa ma sai babarsa ta yi da gaske yake wankewa.

Abin da ya fi damuna, yaron nan ba daƙiƙi ba ne. Ranar nan na tarar da shi a zaure ya kwance fitilarmu mai caji, ya gano wayar da ta tsinke, ya ɗaure ta, ta kama. Tambaya kuwa ba ta ƙarewa a bakinsa: me ya sa gero ke riga dawa nuna? Amma da an ce ɗauko jaka, sai ciwon ciki.

Na gwada bulala, kuma na yi nadama, don ƙara nesanta shi ta yi. Na gwada alawa, kwana uku ta yi aiki. Ajinsu a cike yake, malami ɗaya, ban ga laifinsa ba.

Ni karatuna bai yi nisa ba. Don Allah, ta yaya zan haɗa wannan son sanin nasa da littafi?