Hoton biki a cikin ɗaki: shawarwarin masu kyamara a Sakkwato

Da masu ɗaukar hoto na Sakkwato suka zauna kan hoton biki a cikin ɗaki, maganar filasha ce ta fi cin lokaci. Kusan kowa ya yarda kada a haska amarya kai tsaye, don hoda da gumi sai su yi ƙyalli, duwatsun leshinta su fito fari fat. A ɗaga kan filasha sama, farin silin ya dawo da hasken a tausashe. In silin ɗin na katako ne ko mai launi, a nemi farar lema ta riƙa dawo da hasken.

Saitin da aka fi ambata shi ne buɗin idon kyamara f/2.8, gudun shata (saurin buɗewa da rufewar kyamara) 1/160 na daƙiƙa, ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) 1600 zuwa 3200. ISO mai yawa yana kawo tsaki-tsaki, amma gara hoto ya ɗan yi tsaki-tsaki da fuska ta fito dishi-dishi, ni ma nan na tsaya.

Fitilu masu shuɗi da ja suna ɓata launin fata, saboda haka a ɗauka da RAW, wato tsarin ajiye hoto da ke sauƙaƙa gyaran launi daga baya. Ango cikin farar babbar riga kuwa, a fuskarsa ake auna haske.

Wajen kamu, gidaje da dama sun fi son mace ta ɗauka, sai a tambayi uwar biki tun da wuri. A kuma cika batura kafin a ɗauke wuta.