Wa zai riƙe shi in iyaye sun kwanta dama?

Ranar Asabar muka zauna a wani zaure a Tudun Wadan Zariya, iyaye da yayyen matasa masu buƙata ta musamman, muna tattauna yadda yaran za su shiga girma. Ga abin da na tsinto.

Maganar da ta fi ɗaukar lokaci ita ce ta 'yan'uwa. Wata budurwa ta ce tun tana ƙarama ita ke yi wa ƙaninta wanka, ita ke tura kekensa, amma ba a taɓa tambayarta ko za ta iya ci gaba in ta yi aure ba. Dattijuwar da ke kusa da ita ta ce, "Gaskiyarki, 'yata, mu ne muka yi shiru." Aka tsaya a kan cewa a yi zaman iyali tun iyaye na da ƙarfi, a raba ɗawainiya tsakanin maza da mata, kada a jibga wa babbar 'ya kaɗai. Shi ma mai lalurar a ji ta bakinsa. Sau da yawa ana yanke masa hukunci yana zaune a wurin.

Sana'a kuwa, a fara da wuri: ɗinki, gyaran waya, saƙa, ko karatu har jami'a ga mai iko. Bara dai kowa ya ƙi ta.

Wani malami daga Samaru ya tuna mana dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019, wadda ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Rabin zauren ba su taɓa jin labarinta ba.

Gado ma, a rubuta rabon mai lalurar, a sa amintacce ya kula da shi.