Tambaya akan nika dutsen gwal

Dan Anka:
Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah masana ku taimaka. Kawuna yana da ramin hakar gwal, in aka fito da dutse sai mu farfasa da guduma mu zuba a injin nika irin na hatsi, to kwana kadan faifan ya cinye sai an canza, kuma abinda yafi damuna dusar da muka wanke muka zubar wasu na saye su sake nikawa su samu gwal a ciki. A ina muke kuskure, ko injin ne yayi kadan?

Injiniya Sani:
Wa alaikumussalam kanina. Matsalar ba girman inji bace, kuna dora masa aikin da ba nashi ba. Gwal din yana makale ne cikin farin dutse kanana kanana wani ma ido baya ganinshi, in dutsen bai yi laushi ba kwayar gwal bata rabu da shi, sai ruwa ya tafi da su tare, shine abinda masu sayen dusarku ke ci. A manyan kamfanoni mataki mataki ake bi. Na farko kurosha mai muƙamuƙi, karfe biyu ne daya a tsaye daya yana matsowa yana komawa kamar tauna, ya maida katon dutse kamar dunkulen hannu, sai wani ya maida shi tsakuwa, a tace da rariya wanda bai wuce ba ya koma. Sannan a zuba a wata ganga mai juyawa da kwallayen karfe da ruwa a ciki, su suke dakawa har ya kai wajen maikiron 75 (maikiron 1000 ne milimita daya), yafi garin tuwo laushi sosai. Ita ma gangar in tayi gudu da yawa kwallayen mannewa suke a jikinta basa fadowa, kana kona man dizal a banza.

Dan Anka:
Yallabai kenan kawai mu rika maimaita nikan har yayi lukui?

Injiniya Sani:
A'a a hankali dai. Gwal baya fashewa, lotsewa yake, in nika yayi yawa sai ya koma fale fale kamar sikelin kifi ya taso saman ruwa ya wuce kafet din da ake shimfidawa a magudanar wanki don ya kama gwal. Ka debi kwano daya ka wanke a kasko bayan kowane nika zaka gane inda ya kamata ku tsaya.

Maman Hafsa:
Dana ni ba injiniya bace, aikin asibiti nayi, amma tunda naji kace injin hatsi hankalina ya tashi wallahi. Dan Anka ne kai, kasan abinda ya faru a 2010 a kauyukan Zamfara irin su Bagega da Dareta da Yargalma, yara sama da 400 gubar dalma ta kashe, kuma wannan busasshen nikan ne ya jawo, dutsen yana da dalma aka rika kawo shi cikin gida mata suna dakawa, kurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Sai da likitocin MSF, wata kungiyar agaji ta kasa da kasa, suka zo, aka kankare kasar gidaje aka zuba sabuwa. A 2015 haka ta sake faruwa a karamar hukumar Rafi a jihar Neja. Na taba rike yaro yana jijjiga idonshi ya kafe uwar tana tsaye da farar kura har a gashin gira, har yau bai bar raina ba. Dan girman Allah ku nika da ruwa, nesa da gari, ku wanke jiki ku canza kaya kafin ku shiga wajen iyali, kuma injin da ya taba dutse kada a sake zuba masa gero.

Dan Anka:
Nagode Mama, jikina yayi sanyi, da kayan aikin nake shiga gida kullum kuma ina da yarinya yar wata 9. Gobe zan samu Kawu da maganar. Injiniya dan Allah wannan mai ruwan janareta zai iya jan shi?